Zaman cuɗe ni in cuɗe ka: ƙananan halittun da ke aiki a saiwar wake, a tumbin akuya da cikin jariri

Ya ku iyaye mata da masu faɗakarwa na garuruwan Kiyeshe da kewaye, darasinmu na wannan karo zai fara ne daga gona. Idan damina ta yi tsaka, wake ya soma fure a tsakanin hatsi, sai ɗayarku ta tono gindi guda a hankali, ba tare da ta fizge shi ba, ta wanke saiwar a ƙwarya. Za ta ga waɗansu ƴan ƙulalai sun manne a jikin saiwar, ƙanana kamar ƙwayar dawa, wani lokaci su ɗan fi haka. In ta fasa guda da farce, ta tarar da cikinsa ja-ja kamar an ɗiga masa jini, to ta riƙe babban abu a hannunta. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan ƙulalai a matsayin ciwon shuka, alhali kuwa su ne ɗakunan da wake ya gina wa baƙinsa.

Baƙin nan ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Masana suna kiransu bakteriya, kuma irin da ke zama a saiwar wake ana ce masa rizobiyum. A harshenmu mun saba kiran duk wata halitta irin wannan da sunan ƙwayar cuta, kuma sunan ya jawo mana kuskuren fahimta, domin masu sa cuta kaɗan ne a cikinsu. Mafi yawa ba ruwansu da mu, waɗansu kuma ba za mu rayu lafiya ba sai da su.

Ga yadda cinikin yake tsakanin wake da baƙonsa. Kowace shuka tana bukatar wani sinadari mai suna azot domin ta yi ganye ta kuma yi ƙwaya. Shi ne harafin N da ake gani a jikin buhun takin zamani, kuma shi ne ƙarfin takin ure. Iskar da muke shaƙa cike take da shi, kusan kashi 78 cikin 100, amma ba shukar da ke iya ɗibarsa daga iska da kanta. Rizobiyum ya iya. Sai wake ya ba shi masauki a saiwarsa, ya ciyar da shi da sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, shi kuma ya riƙa kamo azot daga iskar da ke ratsa ƙasa yana miƙa wa mai masaukinsa. Jan launin da ke cikin ƙullin ɗan'uwa ne ga abin da ke sa jininmu ja, kuma alama ce cewa aiki na tafiya. Ƙullin da cikinsa ya yi fari ko tsanwa bai fara aiki ba, ko kuwa ya riga ya tsufa. Waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka bayyana wannan al'amari a shekarar 1886, sannan a 1888 wani masanin Holan mai suna Beijerinck ya ware halittar ita kaɗai ya raine ta. Kakanninmu na Arewa ba su jira wannan labari ba kafin su fara haɗa hatsi da wake a gona guda; sun ga amfanin da idonsu, suna ne kawai ba su sa masa ba.

A nan akwai abin lura ga masu faɗakarwa. Akwai wata tsutsa ƴar mitsitsiya da ke kumbura saiwar wake, tumatir da kuɓewa, musamman a lambunan rani na Dallol Mawri. Bambancin shi ne, ƙullin alheri yana manne ne a gefen saiwa, in an murza shi da yatsa sai ya ɓalle, kumburin tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓallewa.

Me ya haɗa wannan da abincin yaro? Azot shi ne tubalin sinadarin gina jiki, wato furotin. Saboda baƙin da ke saiwarsa, ƙwayar wake tana ɗauke da furotin da ya kai ninki biyu na wanda ke cikin hatsi. Haka gyaɗa take, wadda muke kira gujiya, haka kwaruru da mata ke nomawa a gamanarsu, haka waken suya. Kowannensu yana da ƙulalai a saiwa. Har itacen gawo yana cikin wannan dangi, shi da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wanda kowane manomi ya san hatsin da ke gindinsa ya fi na fili kyau. Shi ya sa in kaka ta yi aka auna waken gida duka aka kai kasuwa don samun kuɗin hannu, sai ya zama an sayar da abin da ya fi kome gina jikin yara, an bar musu kunun hatsi tsura. Mun san bukatun gida suna da yawa, kuma ba kullum uwa ce ke yanke shawarar sayarwa ba. Amma tiya biyu ko uku da aka keɓe aka adana da kyau don kunun yaro, ba ƙaramin abu ba ne idan rumbu ya yi ƙasa a watannin Yuli da Agusta.

Daga saiwa zuwa tumbi

Harawar waken nan da aka ɗaure aka ɗora a kan rumfa, mutum ba zai ci ta ya ƙoshi ba, amma akuya tana ci ta ba da nono. Ba haƙoranta ne sirrin ba. Cikin akuya, da na tunkiya da na saniya, ɗaki huɗu ne, babbansu shi ne tumbi, kuma tumbin cike yake da ƙananan halittu iri-iri waɗanda ke narkar da zaren ciyawa. Akuyar tana tuƙa don ta daddaga musu abincin, tana ba su ɗumi da danshi, su kuwa suna mai da ciyawa abin da jikinta zai sha. Su ne kuma ke haɗa bitamin B12, wanda jini da ƙwaƙwalwar yaro ke bukata. Babu shuka ko dabbar da ke iya yin wannan bitamin da kanta, sai irin waɗannan halittu. Ta hanyarsu yake shiga nono, hanta da nama, ya iso gare mu. Jar akuyar Maraɗi da ake yabo saboda yawan haihuwa da nono, da ma'aikatan tumbinta take cin wannan yabo.

Masu kiwo sun san abin da ke faruwa idan akuya ta faɗa wa buhun hatsi ta ci ta ƙoshi: cikinta ya kumbura, ta kwanta, wani lokaci ta mutu. Hatsi ba guba ba ne. Abin da ya faru shi ne abincin da ya zo farat ɗaya ya sa wani rukunin halittun tumbi ya yi yawa fiye da kima, tsami ya hauhawa, sauran suka mutu. Mu riƙe wannan misali, domin za mu sake haɗuwa da irinsa a cikin ɗan Adam.

Baƙin cikin jariri

Babban mutum yana ɗauke da bakteriya da yawansu ya kai kimanin tiriliyan 38, bisa ƙiyasin da masana suka yi a 2016, mafi yawansu a babban hanji. Jariri kuwa yana zuwa duniya da hanji kusan wayam. Baƙin farko suna shigarsa ne a lokacin haihuwa, daga jikin mahaifiyarsa, sannan daga fatarta idan an ɗora shi a ƙirjinta, sannan daga nono. Waɗanda suka riga shiga su ke kama wuri, kamar yadda ciyawar da ta riga tsiro ke mamaye fili. Tambayar ita ce, su wa za su riga shiga?

A nan ne nonon uwa ya ba masana mamaki. A cikinsa akwai wani irin sukari na musamman, wanda an gano fiye da nau'i 100 nasa, kuma a yawa shi ne na uku bayan sukarin madara da maiƙo. Abin mamakin shi ne jariri ba ya iya narkar da shi. Yana wucewa ta cikinsa har ya isa babban hanji yadda yake. An daɗe ana tambayar dalilin da zai sa jikin uwa, ko da uwar ba ta ƙoshi ba, ya ɓata ƙarfinsa wajen yin abin da ɗanta ba zai narkar ba. Amsar ita ce ba don jaririn kai tsaye aka yi shi ba, abincin baƙinsa ne. Akwai wata bakteriya mai suna bifido, wadda wani likitan Faransa, Henry Tissier, ya fara ganowa a kashin jarirai masu shan nono a birnin Paris a 1899. Ita ce ta fi kowa iya cin wannan sukari. In ta ci sai ta hayayyafa ta cika hanji, ta riƙa fitar da ɗan tsami wanda masu sa zawo ba sa so, ta kuma taimaka wa garkuwar jikin jariri ta koyi rarrabe aboki da abokin gaba. Wani ɓangare na sukarin ma yana yaudarar ƙwayoyin cuta: sai su manne masa a maimakon bangon hanji, su fita tare da kashi. Wannan ne ya sa kashin jariri mai shan nono zalla yake da laushi, ruwan ɗorawa, da ɗan warin tsami. Lafiya ce, kada a ɗauke shi zawo.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ya fi kowane nono yawan wannan sukari, ga kuma sinadaran kariya daga cuta. Zubar da shi daidai yake da korar baƙin kirki tun daga ƙofar gida.

Idan muka fahimci wannan, za mu gane hikimar da ke cikin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa, a kuma ba shi nono zalla har wata 6. Mun san nauyin maganar a ƙasarmu. Da bazara, idan zafi ya tsananta, kaka ko uwar miji takan ce yaro na jin ƙishirwa, a ba shi ruwa, kuma tausayi ne ke sa ta faɗi haka. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwa ce za ta sha ruwan, ta ƙara yawan ba da nono. Duk cokalin ruwan randa, ko bauri, ko jiƙo da ya shiga bakin jariri ɗan wata biyu, yana iya shigo da baƙin da ba a gayyata ba, kuma yana cika ɗan ƙaramin cikinsa ya rage nonon da zai sha, bifido ta rasa abinci. Zuma ma, duk da albarkarta, kada a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjin babba ke fin ƙarfinta amma na jariri bai kai ba. Mai faɗakarwa da ya je gida ya yi wa uwa bayani ita kaɗai, ya bar kaka a zaune a gefe, rabin aiki ya yi. A gaishe ta, a zauna kusa da ita, a fara da ita.

Tamowa da hanji

Daga wata 6 zuwa shekara 2 ko 3, mazauna hanjin yaro suna sauyawa a hankali, gwargwadon abincin da ake ƙara masa, har su yi kama da na babba. Wannan shi ne daidai lokacin da tamowa ta fi kama yara, kuma bincike ya nuna abubuwan biyu suna da alaƙa. A ƙasar Malawi an bi diddigin tagwaye waɗanda ɗaya ya kamu da tamowa mai kumburi ɗaya kuma bai kamu ba, alhali gidansu ɗaya. Aka ɗebi halittun hanjin kowanne aka sa wa ɓerayen da aka raina ba su da kowace bakteriya a jiki, aka ciyar da su irin abincin yankin. Ɓerayen da suka karɓi na yaro mai tamowa suka rame sosai. An buga sakamakon a 2013. Shekara guda bayan haka, wani bincike a Bangaladesh ya nuna mazauna hanjin yaro mai tamowa suna zama kamar na yaron da bai kai shi watanni ba, wato su ma girmansu ya tsaya, kuma ba sa gama komawa daidai da zarar nauyinsa ya dawo.

Wannan yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan da ke sa yaron da aka sallama daga CRENAS ya sake komawa bayan ƴan watanni. Awon damtse ya fita daga ja, amma hanjin bai gama farfaɗowa ba. Masu binciken na Bangaladesh sun ci gaba, suka haɗa wani abinci da nufin ciyar da baƙin kirki na hanji: garin wani irin wake na ƙasarsu, garin waken suya, garin gyaɗa da ɗanyar ayaba, tare da mai, sukari da bitamin. Suka ba yara ƴan wata 12 zuwa 18 masu matsakaiciyar tamowa har wata 3 a birnin Dhaka. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna waɗannan yara sun fi waɗanda aka ba abincin da aka saba bayarwa ƙaruwar nauyi, ko da yake sabon abincin bai kai wancan ƙarfin kuzari ba. Ba muna cewa a haɗa wannan a gida a bar biskit ɗin tamowa ba. Biskit ɗin da ake bayarwa a gidan likita magani ne, na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai, kuma a ba shi har ƙarshe. Abin da ya ja hankalinmu shi ne uku daga cikin kayan haɗin nan huɗu dangin wake ne, masu ƙulli a saiwa, irin waɗanda ke fita a gonakinmu.

Saboda haka kunun yaron da ya wuce wata 6, da na wanda ya fito daga jinyar tamowa, kada ya zama ruwan hatsi tsararo. A sa masa garin wake da aka soya sama-sama aka cire ɓawonsa, ko tunkuza, da ɗan mai, ya yi kaurin da zai tsaya a cokali. A ƙara garin zogale ko na kuka, ƙwai idan ya samu, da ƴaƴan itacen da ke lokacinsu. Kowane sabon abinci yana ciyar da wani rukuni na mazauna hanji. A riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, a tuna da akuyar buhun hatsi. Kuma a ci gaba da ba da nono har shekara 2.

Tsamin da uwaye suka sani

A madafi ma muna da ma'aikata irin waɗannan. Su ne ke mai da madara nono, su ke sa gasarar koko ta yi tsami idan ta kwana, su ke nunar da daudawa, ta kalwa ce ko ta ƴaƴan yakuwa. Jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami yana rage wani sinadari da ke hana jiki shan ƙarfe da zinki daga abinci, tsamin kuma yana hana yawancin ƙwayoyin zawo yaɗuwa. Sai dai tsami ba ya kashe kome da kome. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi. A tafasa madara tukuna, a bari ta huce, sannan a zuba mata ɗan nonon jiya mai kyau ta kwana. Furar da za a ba yaro kuma a dama ta da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa maganin tsabtace ruwa.

Kada wani ya fita daga wannan darasi da tunanin cewa tun da akwai bakteriya masu amfani, ƙazanta ba laifi ba ce. Baƙin kirki daga jikin uwa, nono da abinci mai kyau suke zuwa. Abin da ke cikin kashin kaji da na awaki a tsakar gida inda yaro ke rarrafe, wani abu ne dabam: yana sa bangon hanji ya yi ta kumburi a ɓoye, yaro ya ci amma abincin bai kama jikinsa ba, ko da ba a ga zawo ba. Shimfiɗa masa tabarma, share tsakar gida, zubar da kashin yara a masai, da wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci, duk tsaron hanjinsa ne. Haka rigakafin rota na ɗigawa a baki, wanda Nijar ta shigar cikin jerin rigakafin jarirai a 2014.

Maganar kafso

Akwai rukunin magunguna masu kashe bakteriya, kamar amokzisilin. Sun ceci rayukan yara da ba su ƙirguwa, kuma jiharmu ta Dosso tana cikin wuraren da aka auna ƙarfinsu. A wani babban bincike da aka yi a Nijar, Malawi da Tanzaniya, wanda a ƙasarmu ya gudana a yankunan Boboye da Loga, an riƙa ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin azitiromisin sau biyu a shekara. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a garuruwan Nijar da suka karɓa. Amma masu binciken sun kuma tarar cewa bakteriyar da ba ta jin wannan magani ta ƙaru a hanjin yaran. Maganin yana da amfani kuma yana da farashi, shi ya sa hukumomin lafiya ne ke auna wanda za a ba, da lokacin, da adadin.

Irin wannan magani ba ya tantance baƙon kirki da ɓarawo. Kowa yake ɗauka. Kafson da aka saya a tebur ran kasuwa aka fasa a cokali don yaro na zawo, sau da yawa ba ya taɓa abin da ya kawo zawon, domin yawancin zawon ƙananan yara ba ya bukatar irin wannan magani, ya kan tsaya da kansa. Abin da kafson zai yi shi ne ya share masu gadin hanji ya bar ƙofa a buɗe. Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuwa ruwan SRO da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, tare da ci gaba da nono da abinci. In an ga jini a kashin, ko yaro ya kasa sha, ko yana amai da duk abin da ya shiga bakinsa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi lis, a kai shi CSI nan take. Idan kuwa ma'aikacin lafiya ne ya rubuta magani, kamar wanda ake ba yaro ranar da aka karɓe shi a CRENAS, a ba shi cikakke har kwanakin su cika, ko da ya nuna alamar sauƙi tun kwana na biyu.

Ga masu faɗakarwa: a taron mata na gaba, in damina ce, ku zo da gindin wake biyu ko uku da aka tono da ƙasarsu, da ƙwaryar ruwa. Ku bar kowace uwa ta wanke saiwa ta fasa ƙulli da hannunta ta ga jan da ke ciki, kafin ku ɗauko maganar dakashi da ruwan randa. In rani ne, gindin gyaɗa ko na wake daga lambu zai wadatar. Bayan an gama, a auna damtsen duk yaron da ya kai wata 6 zuwa 59, a danna bayan ƙafafunsa biyu a duba kumburi, wanda awonsa ya faɗa ja ko rawaya, ko kuma yatsa ya bar rami a ƙafafunsa, a rubuta masa takardar zuwa gidan likita a ranar.